Birkin da ke riƙe mota a hawa: mai manuwal a Jos ya bar shi ko ya kashe?

Duk wanda ya sayi motar manuwal ƙirar shekarun baya-bayan nan a Jos ba ya daɗewa bai lura da wani abu ba. Ka tsaya a hawa, ka taka kuloci, ka sa giya ta ɗaya, ka ɗage ƙafa daga birki, amma motar ba ta sulalewa baya. Sai ta tsaya cak na ɗan lokaci, sannan ta saki. Wasu tun ranar farko suke son abin. Wasu kuwa, musamman waɗanda suka goge a Peugeot 504 da Golf 3, kai tsaye suke wucewa wurin makanike a Dilimi ko Farin Gada su ce birki na kamawa. Birkin lafiyarsa lau, haka aka ƙero motar. Abin tambaya shi ne, mai irin wannan mota a garin da ba a rabuwa da hawa da gangara, ya bar abin a kunne ko ya nemi a kashe masa?

Kowane kamfani da sunan da ya raɗa masa. A littafin Toyota da Hyundai da Kia za ka ga HAC, a na Honda HSA, Ford na rubuta Hill Start Assist, Volkswagen kuma Hill Hold. Aikin dai ɗaya ne, don haka a nan zan riƙa ce masa mai riƙe birki. Ba za ka same shi a Golf 3 ko Peugeot 406 ko tsofaffin Vectra ba. Ya yawaita ne bayan an wajabta na'urar nan mai hana mota zamewa a kwana, wadda ake rubuta ta ESC ko ESP ko VSC: a Amurka daga motocin ƙirar 2012, a Tarayyar Turai kuma kan kowace sabuwar mota daga Nuwambar 2014. Muddin mota na da wannan na'ura, kusan duk kayan da mai riƙe birki ke bukata suna jikinta, saura 'yar manhaja. Shi ya sa yanzu ake ganinsa har a ƙananan tokumbo irin su Focus da Fiesta da Rio da Golf na baya-bayan nan, da Hilux ɗin da aka fara fitarwa a 2015, ko da yake ba kowane samfuri ne ke da shi ba.

Kafin a yanke hukunci ya kamata a san yadda yake aiki, domin duk ƙorafin da ake yi daga nan ya samo asali. Babu wani ƙarfe da aka ƙara a taya. Akwatin ABS (na'urar da ke hana tayoyi kullewa idan an taka birki da ƙarfi) da ke cikin bonet, wanda bututun man birki ke shiga suna fita, shi ke ɗaukar nauyin aikin. Akwai sensa mai auna karkatar mota, akwai ta kowace taya mai gaya wa kwamfuta ko tayar na juyawa, akwai ɗan makunni a jikin fedar kuloci, da wani mai nuna an sa ribas. Idan kwamfutar ta ga mota ta tsaya cak, hancinta na kallon sama, kuloci a take, sai ta rufe hanyar da man birki zai bi ya koma. Matsin da ƙafarka ta tara ya maƙale ke nan a tayoyi ko da ka ɗage ƙafar. Haka yake yi idan hancin na kallon gangara kuma ka sa ribas za ka hau da baya. Abu biyu ke sa ya saki: ko dai kwamfuta ta ga inji ya fara jan motar da ƙarfin da zai ishe ta, ko kuma lokacinsa ya cika, wanda a yawancin motoci daƙiƙa 2 ne, a wasu 3. Aikin da yaron mota ke yi da weji ke nan a bayan tayar babbar mota, sai dai wannan yaron yana zare wejinsa bayan daƙiƙa biyu, ko ka shirya ko ba ka shirya ba.

Dabarar ba sabuwa ba ce. Kamfanin Studebaker na Amurka ya sa irinta a motocinsa tun 1936, da wani ɗan ƙwallon ƙarfe a hanyar man birki, wanda kan gangara ya toshe hanyar idan mota ta kalli sama an kuma taka kuloci. Subaru ta dawo da ita a shekarun 1980. Amma waccan tsohuwar tana bin ƙafar direba ne: muddin kuloci a take, birki a riƙe, yana ɗagowa birki na saki. Ta yanzu kuwa kwamfuta ce ke ƙiyasta lokacin da ya dace. Idan ƙiyasinta ya yi daidai da ƙafarka, ba za ka ma san tana nan ba. Idan ya saɓa, a nan ake samun rigima.

Jos kuma tana ƙara wa lamarin wani nauyi da mai tuƙi a Legas ko Fatakwal bai sani ba. Garin na kan tudu mai tsayin kimanin mita 1,200 daga doron teku, iskarsa ba ta kai ta bakin teku kauri ba, inji kuwa sai da iska yake ƙona mai. Ƙiyasin da aka saba yi shi ne injin da ba shi da turbo, wato na'urar da ke hura masa ƙarin iska, yana rasa kusan kashi 3 cikin 100 na ƙarfinsa a duk mita 300 da aka hau, wato a Jos asarar ta haura kashi 10. Mai turbo yana cike gurbin idan ya ɗauki wuta, amma a lokacin tashi daga tsaye turbon bai fara hura komai ba tukuna, don haka ƙananan injuna masu turbo ma ba su tsira ba. Ka ƙara da na'urar sanyaya mota a kunne da mutum huɗu a ciki, sai ka ga tashi a hawa ya zama wurin da inji ya fi saurin mutuwa. Wannan raunin yana ƙarfafa hujjar ɓangarorin biyu, masu so da masu ƙi, kowa ta fuskarsa.

Babbar hujjar barinsa a kunne ita ce kuloci. Abin da ke cinye farantin kuloci shi ne lokacin da yake gogar fulaiwil, wato faifan ƙarfen da inji ke juyawa, bai gama kamawa ba, kuma mafi munin ɗabi'a ita ce riƙe mota a hawa da rabin kuloci maimakon birki. Duk wanda ya taɓa shiga cunkoson yamma a hanyar Bauchi ko wajen Gada Biyu ya san warin nan mai kama da ƙonewar roba da ke tashi daga wata mota a layin. Direban ba don jahilci yake yi ba. Tsoro yake ji kada a tsakanin ɗage ƙafa daga birki da kai ta totur motar ta ja baya, sai ya gwammace ya bar ta a rataye a kuloci. Wani kuma tsoron ne ke sa shi danna totur har inji ya yi ihu kafin ya saki kuloci, wanda shi ma ƙona farantin yake yi. Mai riƙe birki yana kawar da dalilin tsoron. Kana jira da ƙafa a birki, layi ya motsa, ka kai ƙafa totur a natse, ka ba da wuta daidai gwargwado, ka tafi. Birkin da aka riƙe na daƙiƙa biyu ba ya cin komai, tun da tayoyin ba juyawa suke ba, kuma ba ya ƙara shan mai. Canjin kuloci kuwa sai an sauke giyabos, kuma a motocin dizal da yawancin na Turai fulaiwil ɗin mai hawa biyu ne, wanda idan zafi ya lalata shi kuɗinsa kan fi na farantin. Idan aka auna da aljihu kaɗai, barinsa a kunne ya yi nasara ba tare da gardama ba.

Sai kuma abin da ke bayanka. A Terminus da titin Ahmadu Bello ba a barin tazara. Mai keke Napep zai kawo hancinsa dab da bambarka, mai baro zai kutsa ta tsakani, yarinya mai tallar gyaɗa za ta ratsa ta bayanka a daidai lokacin da ka ga gaba ya buɗe. Ja da baya na taku ɗaya ya isa ya fasa fitilar keke ko ya take ƙafar mutum, kuma a idon jama'ar da za su taru wanda motarsa ta ja baya shi ne mai laifi, ko da na bayan ne ya matse shi. Ƙwararren direba zai ce shi bai taɓa ja da baya ba. Na yarda. Amma motar gida ba mutum ɗaya ke tuƙa ta ba. Akwai uwargida, akwai ƙanin da bai daɗe da karɓar lasin ba, akwai ranar da shi kansa ƙwararren ya kwana bai yi barci ba ko takalminsa ya jiƙe da ruwan sama ya zame daga feda.

Inda abin ya fi nuna amfaninsa shi ne Hawan Kibo, a hanyar da ta taso daga Akwanga. Tirela ɗaya ta lalace a tsakiyar hawan, layi ya taru, sai a koma tafiyar taku biyu a tsaya. Motarka cike da iyali, but cike da doyar da aka sayo a hanya, bayanka kuma tanka. A irin wannan wuri za ka tashi daga tsaye sau da yawa a jere, ƙafar hagu na gajiya, kuloci na ɗaukar zafi. Birkin hannu zai yi aikin idan lafiyayye ne, amma na tokumbo da yawa wayarsa ta saki, kuma ko mai lafiyar tayoyin baya kawai yake kamawa. Mai riƙe birki a yawancin motoci tayoyi huɗu yake riƙewa da matsin mai. Sai dai a kiyaye abu biyu. Idan jiran zai yi tsawo, a ja birkin hannu, a sa firi, a huta da ƙafa, don shi na lokacin tashi ne kawai. Sannan ba ruwansa da gangara: mai saukowa daga Hawan Kibo ƙaramar giya ce za ta cece shi, kamar yadda take ceton kowa tun zamanin 504.

Masu neman a kashe musu shi ma ba shirme suke yi ba, kuma bai kamata a ɗauka girman kai ne kawai ba. Ƙafar wanda ya shekara ashirin yana tuƙin manuwal ba ta bukatar daƙiƙa biyu. Yana sakin birki kuloci ya riga ya iso inda yake kamawa, da ɗan totur kaɗan, yana sa ran mota ta tafi. Ita kuwa kwamfuta ba ta ga ƙarfin da ya gamsar da ita ba, don haka birki na nan a riƙe. Inji ke nan yana kokawa da birkin motarsa. Da ƙarancin ƙarfin da iskar Jos ke jawowa, sau da yawa injin ne ke faɗuwa: motar ta mutu a danja, na baya suna ta hon. Idan bai mutu ba, birkin ya saki gaba ɗaya motar ta yi tsalle. Mutumin da bai taɓa kashe mota a hawa ba sai ga shi yana yi a sabuwar motarsa, dole ya ji haushi. Kuma motoci sun bambanta ƙwarai a nan. Wata tana sakin matsin a hankali yadda ba za ka ji ba, wata tana riƙewa da taurin kai. Shi ya sa za ka ga mutum biyu suna musu a majalisa, ɗaya na yabo ɗaya na zagi, kuma kowannensu gaskiyar motarsa yake faɗa.

Akwai kuma abin da direba ke ji a jikinsa. Mai tashi da birkin hannu yana jin bayan mota ya ɗan zauna, gaba ya ɗan ɗaga, ya san kuloci ya kama, sai ya saki. Idan tayoyi huɗu ne a riƙe wannan alamar tana raguwa, sai dai ka dogara da sautin inji da allurar da ke nuna juyinsa. Ana sabawa, amma wanda ya koya da jiki yana jin an ɗauke masa wani abu.

Ƙorafin da ni na fi ba wa nauyi shi ne rashin tabbas. Abin ba ya kamawa a kowane tudu. Akwai iyakar karkata da aka sa masa, ƙasa da ita ba ya motsi, kuma motoci da yawa ba su da wata fitila a dashbod da za ta gaya maka yanzu ya riƙe ko bai riƙe ba. Hawa mai tsanani ba matsala, ka san zai kama. Matsalar tana 'yan tsaka-tsakin nan da suka cika unguwanni irin su Tudun Wada da Jenta da Nasarawa, inda yau ya riƙe, gobe ka tsaya gaba kaɗan bai riƙe ba. Wanda ya saba ɗage ƙafa ya yi nazari sai ya ji mota na tafiya baya. Haka wanda ke tuƙa Hilux ɗin wurin aiki da rana, ya koma tsohuwar Golf ɗinsa da yamma: ƙafa ba ta tuna wace mota take ciki. Abin da ke riƙewa kullum ko wanda ba ya riƙewa sam ya fi sauƙin sabo a kan mai yi wani lokaci.

Sauran ƙorafe-ƙorafen ƙanana ne. Wurin fakin a hawa tsakanin motoci biyu, irin na ranar Juma'a ko ɗaurin aure, mutum kan so ya taka kuloci ya bar nauyin mota ya ja ta baya kaɗan kaɗan. Mai riƙe birki zai tsayar da ita, sannan ya sake ta lokacin da ba ka zata ba. Maganin wannan a sa ribas, domin idan hanci na sama kuma an sa ribas ya san baya kake nufi, ba ya riƙewa. A damina kuma, daga Afrilu zuwa Oktoba, idan taya ta faɗa rami mai laka kana son ka riƙa lilo da motar gaba da baya har ta fita, yana iya katse maka lilon. Wannan ba kullum yake faruwa ba, ba zai zama dalilin kashe shi shekara guda ba.

Game da mai koyo, ra'ayina ya saɓa wa masu cewa ai don shi aka yi abin. A fara koya masa tashi da birkin hannu har ya iya shi ba tare da tunani ba, sannan a bar shi ya more na'ura. Yawancin motocin manuwal da ke yawo a Filato ba su da ita, kuma ba a san wace mota za a miƙa masa makullinta ba ranar da ake gaggawar kai mara lafiya asibiti.

To, a ce mutum ya auna ya ga shi kashewa yake so. A nan ne shawarar ke rabuwa, domin ba kowace kashewa ce iri ɗaya ba, kuma a ganina hanyar kashewar ta fi son rai muhimmanci. Wasu motoci kamfani ne da kansa ya ba da dama. A Focus da Fiesta masu manuwal da yawa ana shiga jerin zaɓuɓɓukan da ke allon dashbod a cire masa alama, a mayar duk lokacin da aka ga dama. Wasu Subaru masu manuwal suna da matakan da aka rubuta a littafin mota, ta hanyar maɓallin na'urar hana zamewa. Mai irin waɗannan ba shi da asara: ya kashe na mako guda, ya kunna na mako guda, ya bi hanyoyin da ya saba, ya zaɓi wanda ƙafarsa ta fi jituwa da shi. A wasu kuma, kamar dangin Volkswagen, babu maɓalli, sai an jona kwamfuta an shiga tsarin akwatin ABS. A wasu samfuran ma ana iya sa shi ya riƙa saki da wuri maimakon a kashe shi, wanda shi ne ainihin abin da mai saurin ƙafa ke bukata. Amma wannan aiki ne na wanda ya san abin da yake taɓawa, kuma ya rubuta lambobin asali kafin ya canza komai. Kuskure ɗaya a nan na iya kunna fitilu a dashbod ya tsayar da ABS ɗin baki ɗaya.

Hanya ta uku ita ce wadda za a fi saurin ba ka a bakin titi: "Oga, ai fiyus ne, a zare shi kawai ka huta." Amsar da ta dace ita ce, "A'a Malam, bar min shi yadda yake." Mai riƙe birki ba shi da fiyus nasa na kansa. Wanda za a zare na ABS ne, ko a cire soket ɗin sensar taya, kuma da shi za a tafi da ABS da na'urar hana zamewa gaba ɗaya, a wasu motocin har da abin da ke raba ƙarfin birki tsakanin gaba da baya. Wato ka sayar da abin da zai hana tayoyinka kullewa a jiƙaƙƙen titin Zariya cikin ruwan Agusta, don gudun haushin daƙiƙa biyu a danja. Idan wannan ce kaɗai hanyar da ake da ita a motarka, babu wani zaɓi a gabanka, ka bar shi.

Abin da masu musun kan manta shi ne ana iya barinsa a kunne kuma a ƙi amfani da shi. A yawancin motoci idan birkin hannu a jawe yake, mai riƙe birki ba ya shiga. Duk hawan da kake son ka yi da hannunka, ja birkin hannu, ɗage ƙafa daga feda, nemo inda kuloci ke kamawa, saki ka tafi, kamar yadda aka koya maka. Sannan mutuwar injin da ake kuka da ita tana da magani a ƙafa. A motoci da yawa matsin da ka taka shi ake riƙewa, don haka wanda ya danne birki kamar zai fasa shi zai sami riƙo mai tauri, wanda ya taka daidai abin da zai tsayar da mota kuma zai ji sakin ya zo da laushi. Na biyu, a sauya jerin: totur ya riga kuloci. Ka ɗage ƙafa daga birki, ka ba da 'yar wuta inji ya ɗan ɗaga murya, sannan ka ɗago kuloci. Kwamfutar na jiran ta ga ƙarfi ne, idan ta gani da wuri ta saki da wuri. Tsofaffin direbobi sun saba da akasin haka, kuloci kafin wuta, shi ya sa abin ya fi damunsu.

Sai dai wannan mafita ta masu birkin hannu na sanda ce. Sababbin manuwal da yawa ɗan maɓalli suke da shi na lantarki, wanda ko dai ya kama gaba ɗaya ko ya saki gaba ɗaya, ba a sassauta shi a hankali da hannu. Mai irin wannan mota idan ya kashe mai riƙe birki ya rage wa kansa hanya, don haka ban ga dalilin da zai sa ya yi ba. Kada kuma a rikita shi da maɓallin Auto Hold da ke kusa da shi a wasu motocin. Wancan yana riƙe mota a ko'ina, a hawa ko a shimfiɗe, har sai ka tashi, kuma shi kunnawa da kashewarsa a hannunka suke.

Idan aka haɗa duka, ga inda na tsaya. Motar da fiye da mutum ɗaya ke tuƙawa, ko mai yawan shiga cunkoson cikin gari, ko mai zirga-zirga tsakanin Jos da Abuja da kaya, ko mai birkin hannu na lantarki, a bar shi a kunne. Wanda shi kaɗai ke tuƙa motarsa, ƙafarsa ta goge, birkin hannunsa na sanda ne kuma yana kamawa sosai, motarsa kuma ta ba shi wurin kashewa a dashbod, ya kashe idan ya ga yana takura masa, ba abin da zai rasa sai ɗan sauƙi, kuma ya mayar da shi ranar da zai ba wani aron motar. Wanda ke tsakanin nan, wato abin na ba shi haushi amma sai da kwamfuta za a taɓa shi, ya fara gwada sauya ƙafarsa na 'yan makonni kafin ya biya kowa kuɗi.

Amma kafin duk wannan, a tabbatar abin yana aiki ma tukuna, domin tokumbo nawa ne ke yawo da fitilar ABS a kunne, wasu ma an toshe ta don kada mai saye ya gani. Idan ka murɗa makulli fitilar ABS ya kamata ta kama tare da sauran, ta mutu bayan 'yan daƙiƙoƙi. Wadda ba ta kama sam ba abin zargi ce, wadda ta ƙi mutuwa kuma alama ce cewa mai riƙe birki ma ya daina aiki. Sensar taya da laka ta toshe ko wayarta ta tsinke, makunnin kuloci ko na fitilar birki da ya lalace, batirin da sanyin Disamba ya raunana, kowannensu na iya jawo haka. Gwajin ba shi da wuya. Nemi hawa mai kyau inda babu kowa a bayanka, rufe ƙofa, saki birkin hannu, tsaya cak, taka kuloci, sa giya ta ɗaya, ɗage ƙafa daga birki amma ka bar ta a samansa. Idan motar ta tsaya kamar daƙiƙa biyu sannan ta fara sulalewa, yana nan lafiya. Idan kuma an taɓa canza mata akwatin ABS da na Beljiyam, ka sa mai kwamfuta ya daidaita sensar karkata a wuri mai shimfiɗa sosai, in ba haka ba, za ta riƙa kama birki a inda babu tudu, ta ƙi kamawa a inda ake bukata.